Kaifin Anini

Mushe Mutari bai taɓa koyar da kowa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Mushen, laƙabin da ake kiran malaman lakwal da shi, ya same shi ne saboda farar riga mai aljihu biyu, kowane aljihu da alƙalaminsa, a zamanin da yawancin mutanen Tasawa ke sa hannu da babban yatsa. Ɗan ƙauyen Urafan ne. Ubansa manomin gero da wake, wanda ba shi da mai yi masa magana a gaban mai gari, don haka da aka ce a kawo yara lakwal, ɗansa aka fara tunawa da shi. Uwarsa Biba ta yi kuka kamar an mutu. Yaron kuwa ya tafi ya ci sartifika, aka wuce da shi Yamai makarantar aikin ƙarfe da ruwa, ya dawo ana saura kaɗan a samu mulkin kai, yana cewa tiyo inda mutane ke cewa bututu.

Wani kamfanin sayen gujiya da ke da fili a gabashin gari ya ɗauke shi. Kamfanin ya haƙa rijiya mai zurfi, ya kafa mata inji mai shan gazuwal, injin yana tura ruwa sama cikin wani tanki mai ƙafafu huɗu. Daga nan leburori ke sha, da raƙuma da jakunan da ke kawo gujiya, da manyan motocin da ke kwashe ta, da matan unguwa waɗanda ba a gayyace su ba amma ba a iya korarsu.

Annasaran da ya kafa injin, wani dogo mai jan wuya da ake kira Mai Lofe, mutum ne da ba ya yarda da abin da bai auna ba. A tsakiyar bututun da ke hawa tanki ya maƙala wani faifan tagulla, faɗinsa kamar tafin hannu, da huda a tsakiya. Leburori suka sa masa suna anini. Ruwa in ya zo sai ya matsu ya bi ta hudar, ƙarfinsa a gaban faifan ya fi ƙarfinsa a baya. Wasu siraran bututu biyu, ɗaya daga gaba ɗaya daga baya, suna kai wannan bambanci cikin wani lanƙwasasshen gilashi mai zaiba a ciki. Zaiba ta sauka a hannu ɗaya, ta hau a ɗayan. Tazarar da ke tsakani ita ke faɗin yawan ruwan da ke wucewa, a karanta a jikin takarda mai layi-layi da aka manna a bayan gilashin.

Mutari ya san lissafin wannan abu, don a kansa ya ci jarrabawa. Lissafi ya ce, in ruwa mai ladabi ne, ya cika hudar ya wuce, zaiba za ta buɗe tazara kaza. In aka auna kuma sai a tarar ta buɗe fiye da haka. Dalili shi ne ruwa in ya gamu da baki mai kaifi ba ya cika hudar, sai ya tsuke wuya bayan ya wuce, ya bi ta hanyar da ta fi hudar ƙunci. Masana da suka ga lissafi da awo sun ƙi jituwa, sai suka samo wata lamba suka sa a tsakaninsu. Mutari yana kiranta lambar sulhu. An gaya musu a Yamai cewa lambar tana aiki ne muddin bakin hudar na da kaifinsa. An gaya musu ne wata rana da bazara, bayan cin abincin rana. Ya rubuta, ya haddace, ya ba mai jarrabawa abinsa, ya fito.

Mai kula da injin kuwa Cindo ne, ɗan kawun Mutari, wato taubashinsa. Ya girmi Mutari, ya yi karen mota a hanyar Kano har ya san kukan inji kamar yadda uwa ta san na jinjirinta, kuma Mutari ne ya yi masa hanyar aikin. Wannan bai hana shi kiran Mutari bawansa a gaban kowa ba. In Mutari ya sunkuya yana duba zaiba, sai Cindo ya gaya wa masu raƙuma su yi shiru, bawansa na duba, in an ba shi goro zai gaya musu wadda za su aura. Mutari ya rama da cewa mai yatsa shidda ya fi kowa saurin ƙare tuwo. Haka suke tun suna kiwon awaki, kuma babu wanda ya taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗan'uwansa magana ba da wasa ba.

Da aka samu mulkin kai, Mai Lofe ya ɗaure akwatunansa. Ruwa ya koma hannun Mutari, filin duka kuma hannun wani tsohon akawu, Malam Ɗan Baba, wanda ya shekara da shekaru yana jiran kujerar, ya kuma zauna a kanta kamar mai tsoron a dawo a ce ya tashi.

Sai aka ce sabon kumandan mai mulkin yankin, ɗan ƙasa, zai zagaya gari ranar biki, zai kuma biyo ta filin kamfani. Aka shafa farar ƙasa a bango, a gindin itatuwa, har duwatsun da ke bakin hanya. Kowa na da abin nunawa. Masu awo na da sikelinsu, leburori na da dalar buhuna, Cindo ma ya goge injinsa har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Mutari ya duba nasa aikin, ya ga duk a cikin bututu yake, inda ido ba ya shiga. Ya sa Cindo ya kashe inji, suka kwance kusoshi, ya zaro anini.

Faifan ya yi kore, ya yi baƙi, ba abin da za a nuna wa kumandan ba ne. Mutari ɗan Biba ne, matar da tasoshinta ke kashe ido a duk Urafan, kuma ya san yadda ake yi. Ya jiƙa tsamiya, ya kawo toka da yashi mai laushi, ya naɗe hannun farar riga, ya zauna. Yana cikin dirza bakin hudar ya yanke shi a babban yatsa. Ya tsotse jinin, ya tuna cewa gobe hannun kumandan ne zai riƙe wannan abu. Ya ɗauko magagari ya bi bakin a hankali, ya bi shi da dutsen wasa wuƙa, har ya yi sumul kamar bakin ludayi. Cindo yana tsaye a kansa, ya ce in bawansa ya gama akwai tukunyar matarsa Furera can gida tana jira.

Kumandan ya zo da jama'arsa. Ya karɓi faifan, ya ɗaga shi, ya leƙa rana ta hudar, ya tambaya ko zinariya ce. Aka yi dariyar da ta dace. Ya miƙa wa wanda ke bayansa, ya wuce wurin buhuna. Da la'asar aka mayar da anini cikin bututu, inda ya ci gaba da ƙyalli a cikin duhu.

Washegari zaiba ta ƙi buɗe tazarar da ta saba. Mutari ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya hura siraran bututun ko iska ta shiga. Ya duba kusoshi ko akwai yoyo. Komai lafiya, sai dai takardar da ke bayan gilashi ta ce ruwan da ke hawa tanki ya ragu, raguwa mai yawa. Tankin kansa ba ya iya ba da shaida, don lokacin kaka ne, ruwa na shiga ta sama raƙuma na shanye shi ta ƙasa. Mutari ya rubuta abin da ya gani ya kai biro, wato ofis. Mako ya zagayo ya sake rubuta shi. Bai zargi kowa ba. Yana yawan tuna wa kansa wannan daga baya, cewa babu sunan kowa a cikin abin da ya rubuta.

Malam Ɗan Baba bai yi karatun ruwa ba, amma ya yi karatun mutane, ko haka yake gani. Gazuwal ɗin da ake ba inji bai ragu ba, ruwa ya ragu. Ashe ba duka ke shiga cikin inji ba. Ya sa aka kira Cindo, aka tara ma'aikata a inuwar biro.

Da Cindo ya yi shiru, ko ya yi rantsuwa, da wataƙila an bar maganar. Amma shi mutum ne da in aka ce ya tuna laifinsa sai ya zauna ya tuna. Ya ce gaskiya yana ba masu raƙuma baƙin man da aka zubar daga inji su shafa wa raƙumansu masu ƙazwa. Ya ce da damina yakan jiƙa ɗan tsumma da gazuwal ya kai wa matarsa Furera ta hura wuta in itace ya jiƙe. Bayan wannan bai san komai ba. Ɗan Baba ya ce wanda ya amsa cokali a gaban jama'a, ƙwarya ya ɗauka a bayan ido.

Cindo ya waiwayo wurin Mutari. Har a lokacin akwai ɗan murmushi a bakinsa.

"Bawana, wagga zaiba taka, ba ta yin kuskure?"

Ma'aikata duka suka juyo, Ɗan Baba ma ya juyo. Mutari ya gyara tsayuwa. Ya fara amsawa da Faransanci, sannan ya sauko da ita cikin Hausa don amfanin jama'a.

"Zaiba ba ta da dangi."

Maganar ta yi masa daɗi a baki. Ya ji wani lebura na maimaita ta. Cindo ya gyaɗa kai, ya ce to, in mai karatu ya faɗi haka, shi wane ne. Ya ajiye tsumman goge inji a kan taga, ya tafi ya ɗaure kayansa. Kafin ya isa Urafan sunansa ya riga shi, kuma sunan ya yi ƙari. Cindo Gazuwal.

Aka ɗauki wani Salifu, mutum mai tsoro, wanda ke zuba gazuwal a gaban shaidu yana kiran sunan Allah. Safiyar farko Mutari ya zo da sauri don ya ga ko zaiba ta koma inda take a da. Ya tarar da ita inda Cindo ya bar ta. Ya tsaya yana kallonta.

Ranar Juma'a, da kowa ya tafi masallaci, ya ce kansa na ciwo. Ya rufe duk famfunan, ya tayar da inji, ya hau tanki da doguwar sanda, ya zauna a rana yana duba yadda ruwa ke hawa. Ruwa ya hau kamar yadda yake hawa a zamanin Mai Lofe, bai rage ko ɗigo ba. Yana zaune a can sama, yana jiyo liman daga nesa, darasin bazarar nan ya dawo masa, har da zanen da malamin ya yi a allo, ruwa yana tsuke wuya bayan baki mai kaifi. Shi ya cire kaifin. Ruwan yanzu yana cika hudar ya wuce a sake, ba ya matsuwa kamar da, don haka zaiba ba ta da abin da za ta buɗe tazara a kai. Ya duba babban yatsansa, inda yankan ya warke ya bar ɗan farin layi.

Daga gindin tanki zuwa biro ba nisa. Ranar Asabar ya kama hanya, ya kai har bakin ƙofa, ya ji Ɗan Baba na gaya wa wani baƙo cewa yana da yaro a nan wanda bai bar ko ɗan'uwansa ba a kan gaskiya, irin waɗanda sabuwar ƙasa ke buƙata. Mutari ya shiga ya gaishe su. Baƙon ya miƙa masa hannu. Mutari ya ce ya zo neman farar takarda ne da abin ja layi.

Da takardar ya koma ɗakin inji. Ya sake lissafi daga abin da sanda ta nuna masa, ya ɗaga lambar sulhu har lissafi da awo suka sake jituwa, ya ja sababbin layuka da kyakkyawan rubutunsa, ya ɓamɓare tsohuwar takardar bayan gilashi ya manna sabuwa. Aiki ne mai kyau, malaminsa na Yamai da ya gani da ya yaba. Mako na gaba rahoto ya nuna ruwa ya dawo daidai. Ɗan Baba ya ce ai dama, ɓarawo ya tafi. Aka ba Mutari keke.

Da keken ya je Urafan yawon Sallah. Furera ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo fura, ta dube shi daga gwiwa zuwa ƙasa. Cindo kuwa ya tare shi da ihun bawansa ya zo, a kawo tsintsiya. Suka zauna gindin gawo da mazan gida. Mutari ya sha fura, ya ajiye ludayi, ya ce yana da magana. Ya ce gazuwal ɗin nan ba wanda ya sace shi. Ya ce shi ne ya goge bakin anini da magagari don kada ya yanki kumandan.

Wani tsoho ya fashe da dariya, sauran suka bi. Cindo ya fi kowa. Ya ce ya daɗe yana mamakin ƙibar da bawansa ke yi, ashe gazuwal yake sha da magagari. Ya ce a duba masa aljihu, wataƙila akwai saura. Mutari ya ce wallahi da gaske yake, aka ƙara dariya, don taubashi in ya ce wallahi wasan ya kai inda ake so. Shi ma daga ƙarshe ya yi dariya. Ya hau keke ya koma Tasawa da sauƙi a ƙirji, sauƙin da ya kai shi har wajen rabin hanya.

Ya sake faɗi a Sallar da ta biyo, da wadda ta biyo bayanta. Maganar ta zama tasa, har in ya yi jinkiri sai a ce Mushe, ba mu labarin magagari. Yana iya cewa, kuma yakan ce wa kansa, babu wanda ya amsa laifinsa sau da yawa kamarsa. A biro ne kawai bai taɓa ba da labarin ba, inda ba shi da taubashi.

Cindo ya koma noma. Shekarun gujiya masu kyau ya samu abin rufin asiri, amma hannunsa na ƙaiƙayin ƙarfe. In mota ta mutu kusa da Urafan shi ake kira, ya shiga ƙarƙashi ya tayar da ita. Sai dai duk lokacin da yake aikin, direban na tsaye jingine da tankin mai, yana hira, hannunsa a kan murfi. Cindo yana gani, ya ce wa direban ya matsa ya tare masa rana.

Ruwan sama ya fara ja da baya, gujiya ta bi shi. Kamfanin ya rufe fili. Malam Ɗan Baba ya rasu da kyakkyawan zato ga Mutari, Mutari kuma yana sahun gaba a jana'iza. Daga baya aka kai Mutari Mayahi duba rijiyoyi, ya tare can da matarsa Zuhura. A nan ne wani ɗan kasuwa, Alhaji Ishaƙu, ya sayo injin niƙa, yana neman wanda zai riƙe masa. Cindo ya ji labari ya zo ya nema. Gonarsa ta ƙi shekara biyu a jere, gemunsa ya fara fari. Alhaji ya ce ya je zai yi shawara, ya aika a kira Mutari.

A ƙofar gidansa ya tambaye shi, ba wasa, ba dariya. Ya ce ya san hannun Cindo, kowa ya sani. Maganar gazuwal yake so ya ji daga bakin wanda ya gani.

Mutari ya tattara farar rigarsa ya durƙusa a ƙasa. Ya share yashi da tafin hannu. Ya zana bututu, ya zana anini, ya zana ruwa yana tsuke wuya. Ya zana shi kuma bayan an goge bakin. Ya yi bayanin zaiba, da lambar sulhu, da tsamiya da toka, da ranar Juma'ar da ya hau tanki, da takardar da ya sake. Bai bar komai ba. Gumi na ɗiga a kan zanen. Tun da aka haife shi bai taɓa yin bayani mai kyau kamar wannan ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe yana jan tasbaha. Sannan ya ce Allah ya yi wa zumunci albarka. Ya ce shi bai yi lakwal ba, amma ya daɗe a kasuwa, kuma a saninsa mutumin da bai ɗauki komai ba, kalma biyu ta ishe shi, ba a zana masa ƙasa. In har mai karatu kamar Mushe zai durƙusa ya ɗora wa kansa laifi da wani faifai, to abin da ɗan'uwan ya kwasa ba kaɗan ba ne. Ya ba wani ɗan ƙanwarsa injin.

Ranar kasuwar Mayahi Cindo ya zo da jaki da ɗan buhun wake. Ya sami Mutari a bakin wata rijiya yana duba siminti. Bai kira tsintsiya ba. Ya ɗaure jakin, ya tsaya kusa da shi, suka gaisa kamar baƙi masu mutunta juna.

"Mutari," in ji shi. Mutari bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba. "Na jiya abin da ka yi gidan Alhaji. Mutum kamarka, ka duƙa ƙasa kana shirga ƙarya saboda ni. Allah shi saka maka."

"Ba ƙarya ba ce, Cindo."

"Na sani, na sani. Haka za mu bar ta." Ya dafa kafaɗarsa da hannun nan mai yatsa shidda. "Amma kak ka sake. Can gindin gawo wasa ne, kowa ya san wasa ne. Nan kuwa mutane na iya yarda. Suna guda ya ɓaci cikin dangi, ya isa. Kai ka riƙe naka, shi muke taƙama da shi."

Mutari ya buɗe baki. Ya duba yashin da ke gabansa, mai laushi ne, zai yi zane. Cindo yana jiran amsa da fuskar mutumin da ya zo roƙon alfarma.

"To," in ji Mutari.

Cindo ya sauke buhun, ya auna wake a cikin hular Mutari har ya yi tozo, ya ce a kai wa Zuhura, na bana ne, ɗan abin da gona ta yarda ta bayar. Ya kwance jakinsa ya shiga kasuwa. Mutari ya bi hanyar gida kai ba hula, riƙe da waken da hannu biyu kada ya zube, mutane na gaishe shi Mushe, Mushe, yana amsawa.